Ranar da Aka Koya wa Motar Baba Tirela Ƙin Tashi

Tun da aka bugo waya da safe aka ce likita zai sallami 'yarsa mai jego bayan azahar, Baba Tirela bai sake zama ba. Ya wanke motarsa, ya goge ta, ya koma ya sake goge inda ya riga ya goge. Ya ciro shimfiɗun ƙafa ya kakkaɓe su a jikin katanga har maƙwabta suka leƙo. Jikansa na fari ne, namiji, kuma tun cikin bai fito ba ya kafa doka a gidan: shi zai ɗauko yaron daga asibiti, a motarsa, hannunsa a kan sitiyari. Mijin 'yar tasa babur gare shi, saboda haka ba wanda ya yi masa gardama.

“Malam, za ka kankare fentin motar nan fa,” in ji Mama, tana ɗauraye sabon bahon wankan jariri a bakin famfo.

“Bar ni in kankare. Babban baƙo za ta ɗauka.”

Sunan Tirela ba a banza ya same shi ba. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk a kan manyan motoci suka ƙare, irin waɗanda sai ka kama ƙarfe ka hau, sandar giyarsu kuma sai ka haɗa da kafaɗa kafin ta shiga. Da ya ajiye aiki 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa wannan 'yar ƙaramar, otomatik, mai tsohon yayi amma lafiyayya. Ranar da aka kawo ta ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga birki da totur kawai, ya taɓe baki ya ce motar ragwaye ce, motar da ba kuloci ai keken yara ne. Faɗa dai yake yi. Ko kaza ta raɓi tayar sai ta sha kora.

Sai dai kwanan nan motar ta tsiro da wani hali. Wata rana ka murɗa makulli ta tashi ras, wata rana ta yi maka shiru kamar ba da ita kake ba, sai ka jijjiga sandar giya ka banka ta gaba da ƙarfi sannan ta amsa. Baba bai gaya wa kowa ba, har Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda gyaran wutar mota shi ne sana'arta. Dalilinsa ɗaya ne: Dogo. Babban ɗan nasa ya daɗe yana zagaye-zagaye da maganar cewa Baba ya huta da tuƙi haka nan, shekaru sun ja, tituna sun cika. Baba ya san abin da yaron yake jira hujja ce, kuma ya rantse ba daga bakinsa za ta fito ba.

Da ya gama goge-gogen ya ce bari ya tayar da ita ta ɗumama. Ya shiga, ya yi bismilla, ya murɗa. Shiru. Ya jijjiga sandar ya sake murɗawa. Shiru. Ya danna hon, ta yi ƙara har Mama ta zabura. Ya kunna fitila, ga haske tar a jikin bango. Ba batir ba ne ke nan.

“Yau? Yau ɗin nan za ki yi mini haka?” Ya bugi sitiyari da tafin hannu.

Wanda ya yi shekara da shekaru a kan hanya magani ɗaya ya sani wa motar da ta ƙi tashi. Ya fita ya kira Mai Walda, maƙwabcinsu da ke da rumfa a bakin layi, shi kuma ya yafito wasu majiya ƙarfi da ke jiran aikinsu a wajensa. Baba ya sa ta a firi, wato ba ta cikin giya, aka turo ta waje, aka miƙa kan layi.

“Ku tura! Ku ƙara! Haba, ba ku karya ba ne?”

Suka duƙa suka tura, mota ta fara gudu, iska tana kaɗa wa Baba hula. Da ya ji gudun ya kai, ya ja sandar giya, ya ɗaga ƙafar hagu don ya saki kuloci. Sai a lokacin ya tuna ba abin da ya taka tun farko. Motar ta ci gaba da gangarawa salin-alin har ta tsaya a gaban shagon mai aski.

Mai Walda ya iso yana haki, ya dafa ƙofa. “Baba, ai irin wannan ba a tura ta.”

“To don me ba ka faɗa ba tun a gida?”

“Na ga kai ne tsohon hannu. Na ce ko akwai wata dabarar da ban sani ba.”

Dariya ta ɓarke, har Baba sai da ya murmusa, amma hankalinsa yana kan lokaci, don rana tana ta yin sama. Mai Walda ya ce a buɗe masa bonet, motar ƙaninsa ta taɓa yin haka, ya ga abin da aka yi mata a bakin hanya. Ya zura hannu can ƙasa kusa da akwatin giya, ya laluba wani soket mai wayoyi, ya ciro guntuwar wayar tagulla daga aljihunsa, ya lanƙwasa ta, ya cusa bakin nan biyu a bayan soket ɗin.

“Murɗa mu ji.”

Baba ya mayar da ita fakin ya murɗa. Kafin ya saki makullin injin ya ɗauka. Kai! Layin ya kaure da ihu, mai aski ya fito da almakashi a hannu yana tafi. Baba ya kashe ya sake kunnawa, ta tashi. Ya sake, ta tashi, ko jijjiga ba ta nema ba. Baki har kunne, ya ce Mai Walda ya yi asarar basirarsa a ƙona ƙarfe. Ya zaga da ita ta bayan layi don jin daɗi, ya shigo gida da hon, ya tsayar da ita tana fuskantar baranda.

A nan ne sabo, turken wawa, ya yi aikinsa. Direban babbar mota ba ya barin mota a sake, a cikin giya yake kashe ta don kada ta gangara da kaya. Baba ya kashe injin sandar tana kan D, inda ake sa ta in za a yi gaba, ya bar makullin a jiki, ya shige wanka yana waƙe-waƙe.

Ya fito fes, cikin kayan da ya fi so, turare yana tashi. Mama tana tsugune a gaban motar, tana jera bahon da ta wanke da 'yan tawul a rana.

“Ke, ki yi sauri ki shirya, kada baƙona ya ce ba mu da kirki.”

“To, ango, na ji.” Ta miƙe ta nufi igiyar shanya.

Ya shiga ya gyara zama. Ƙafar hagu ta tafi wajen kulocin da babu ta danne ƙasa da ƙarfi, ta dama ta ɗan taɓa totur yadda ake yi wa tsohon inji don ya kama da wuri. Ya murɗa.

Motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Ƙaras! Baho ya tarwatse a ƙarƙashin taya. Baba yana ta danna ƙafar hagu, mota tana ta tafiya, sai da gabanta ya daki ginshiƙin baranda sannan ƙafar dama ta tuna inda birki yake. Injin ya mutu. Tsakar gidan ya yi tsit, in ban da wani guntun roba da ke ta juyi a kan siminti.

Mama tana tsaye da tawul a hannu tana salati. Inda tayar ta bi, nan take tsugune ɗazun nan. Baba ya dubi wurin, ya dube ta, ya ji tsoron da bai taɓa ji ba ko a gangaren dutse da kaya cike da mota. Kuma ana wata ga wata: a bakin ƙofa ga Dogo tsaye, ya zo ne ya raka su asibiti, komai a kan idonsa aka yi.

Da ma Dogo ya yi faɗa, da Baba ya samu abin mayarwa. Bai yi ba. Ya duba mahaifiyarsa ya ga lafiya take, ya zo ya buɗe ƙofar motar, ya zura hannu ya mayar da sandar fakin, ya zare makullin. Sannan ya rusuna.

“Baba, ka yi haƙuri. Allah ya taƙaita. Ni zan ɗauko su a tawa, sai ka zauna a gaba.”

Baba ya fito ya zauna a bakin baranda, kayan adon nan duk sun yi masa nauyi. Ya san ba na yau kaɗai ba ne. Makullin da ya shiga aljihun Dogo ta wannan hanyar ba zai sake fitowa ba.

Ana haka sai ga Auta ta faɗo gidan, cikin rigar aiki mai tabon baƙin mai, da akwatin kayan aiki a hannu. Ashe tun lokacin da ake tura mota Mama ta buga mata waya a ɓoye. Ta dubi baho, ta dubi ginshiƙi, ta dubi fuskokinsu.

“Kowa lafiya? To alhamdu lillahi. Baba, yaron bai iso ba har ka fara fasa masa kaya?”

Ba wanda ya yi dariya. Ita kuwa ba ta damu ba, auta ce, ta saba faɗin abin da yayyenta ba sa iyawa. Ta kama tambaya, Baba yana amsawa ƙasa-ƙasa, har aka zo kan wayar Mai Walda. Ta ɗaga bonet, ta zura hannu, ta zaro guntuwar tagullar ta ɗaga ta sama.

“Ga ɓarawon. Yaya, zo ka gani.”

Ta nuna masa wani ɗan abu baƙi mai faɗin tafin hannu, a ɗaure a gefen akwatin giya da noti biyu. Ta ce makunni ne, amma ita maigadi take ce masa. Wutar da za ta je ta juya inji sai ta bi ta cikinsa, shi kuma ba ya buɗe mata ƙofa sai sandar tana fakin ko firi. In tana ribas ko D, ko za ka kwana kana murɗa makulli ba zai bari ba. Wayar nan da aka cusa ta zagaye shi ne, wuta ta riƙa wucewa ko da wace giya aka tarar.

“Wato motar ce da laifi,” in ji Mama da sauri.

“A'a,” Baba ya ce, bai ɗago ba. “Ni na bar ta a giya. Kuma kuloci na taka.”

Dogo ya sunkuyar da kai, don ba daɗin jin hakan ya ji ba. Auta ta ajiye wayar a kan batir ta zo ta tsuguna gaban mahaifinta.

“Baba, ai saboda masu mantuwa aka yi shi, kuma duk duniya ba wanda ba ya mantuwa. Na tabbata sau da yawa da take yi maka shiru, a giya ka bar ta, shi yake tare ka, kai kuma kana zaginsa. Sauran lokutan kuwa gocewa ya yi daga mazauninsa, don kana banka sandar nan kamar ta tirela. Ni ina ganin bai mutu ba. In na mayar da shi daidai, ko ka manta ba za ta motsa ba.”

Ta juya ga yayanta. “Yaya, ka ba ni makullin in gwada.”

Dogo ya daɗe yana juya abin a ransa. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma yana da gaskiyarsa. Can ya ciro makullin.

“In na gani da idona cewa ko ya manta ba za ta yi tsalle ba, shi ke nan. In ba haka ba, ko kuma aka bugo daga asibiti ba ku gama ba, a tawa za mu tafi, maganar tuƙi kuma ta ƙare. Baba, ka yarda?”

Baba ya miƙe tsaye. Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa Mama, ya naɗe hannun ta ciki. “Auta, me kike jira? Kawo sifana.”

Nan da nan gidan ya koma gareji. Aka tura motar baya daga jikin ginshiƙi, Auta ta sa aka datse tayoyin gaba da baya da bulo, aka ja birkin hannu har ƙarshe. Mai Walda ya shigo yana sosa ƙeya yana ba da haƙuri, ta ce ya bar haƙurin ya riƙe mata fitila. Ta cire bututun iska da ya tare mata hanya, ta zare soket ɗin, ta ciro 'yar mitarta mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ta ɗora bakinsu a kan ƙusoshin makunnin. Ta ce in hanyar wuta a buɗe take mitar za ta yi ƙara, in a rufe take za ta yi shiru.

“Baba, kai za ka zauna a ciki. Ina son wanda hannunsa ke jin shigar giya. Fakin!”

Ya sa. Mita ta yi shiru.

“Riƙe sandar ka ɗan matsa ta gaba, kaɗan.”

Ya matsa. Tiii!

“Yana da rai!” Auta ta yi ihu daga ƙarƙashin bonet. “Baba, yana da rai! Gocewa kawai ya yi!”

Baba ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki. Ta sa ya ja sandar zuwa firi, ya tsayar da ita daidai tsakiyar inda take faɗawa, kada ta jingina gaba ko baya. Ta sassauta notin nan biyu, ba ta cire su ba. Ramukansu dogaye ne, an yi su ne don makunnin ya iya juyawa kaɗan hagu ko dama. Ta goge ƙurar jikinsa da tsumma har wani siririn layi ya bayyana, wanda ya kamata ya yi daidai da tsagar da ke kan sandar da ta fito daga akwatin giya. Sun saɓa da kamar kaurin tsinken ashana. Ɗan wannan ne ya hana mutum zama tun safe.

Ta fara juya shi a hankali da yatsu. Har Mama ta matso da rigar Baba a kafaɗa. Tiii! Auta ta tsaya cak, ta ɗauki sifana ta ɗaure notin farko tam, ta ɗaure na biyu, ta mayar da soket.

“Kowa ya kauce daga gaba da baya. Baba, taka birki da ƙarfi, da ƙafar dama. Fakin!”

Ya murɗa, ta tashi. Mai Walda ya fara tafi, Auta ta ɗaga masa hannu.

“Tashi ba shi ne gwajin ba. Kashe. Ribas!”

Baba ya ja sandar, ya danne birki, ya murɗa. Gurrr! Injin ya juya, motar ta yi wata 'yar girgiza ta jingina da bulo. Ya kashe da sauri. Ta madubi ya hango Dogo ya kawar da kai.

Auta ta leƙa da fitila ta yi tsaki. Layin ya sake gocewa, wannan karon ta ɗaya gefen. “Daidai fa na sa shi. Me ya motsa shi?”

Baba ya fito ya zagayo ya leƙa ta kan kafaɗarta. “Wanne kika fara ɗaurewa?”

“Na sama.”

“Har ƙarshe?”

“Har ƙarshe.”

“To ai shi ya ja shi. Noti yana juyawa da abin da ke ƙarƙashinsa. Ba a gama da ɗaya a koma ɗaya, sai kaɗan nan, kaɗan can, yadda ake ɗaure taya. Gudun me kike yi? Sauri ya haifi nawa.”

Ta dube shi ta yi dariya. “Na sani fa, Baba. Wayar asibitin nan ce take bugawa a kaina.”

“Bar ta ta buga. Sassauta, ni zan riƙe miki.”

Dogo ne ya shiga ya mayar da sandar firi, Baba yana yi masa ihu daga waje kada ya jingina ta. Auta ta sake zare soket ta ɗora mita. Baba ya zura hannunsa ta gefen nata, hannun rigarsa fari ya shafi baƙin mai. Ya juya makunnin da babban yatsa har ƙarar ta fito, ya wuce har ta ɗauke, ya dawo baya har ta sake ɗaukewa, sannan ya tsayar da shi tsakiyar biyun. Layi ya hau kan tsaga daram. Ya danne shi, Auta tana ɗaurewa kaɗan sama, kaɗan ƙasa, mita tana ta kukanta ba yankewa. Dogo ya fito ya tsaya yana kallon yatsan nan, ko rawa bai yi ba har aka gama.

Kafin a mayar da bututun iska bakin ƙofa ya cika, har mai aski da waɗanda suka yi turi ɗazu. Baba ya koma mazauninsa, ya taka birki.

“Fakin!”

Ta tashi.

“Ribas!”

Ya rufe ido ya murɗa. Shiru. Ya sake murɗawa ya riƙe. Shiru, ko ƙis.

“Fitilar ribas ta kama!” Mai Walda ya yi ihu daga gefe. “Ga ta nan fari tas!”

“Firi!”

Ta tashi. Yanzu ba Auta kaɗai ke kira ba, duk gidan ne, har Mama.

“D!”

Shiru. Aka bi sauran ƙananan giyoyin da ke ƙasa, duk shiru. Auta ta sa ya jijjiga sandar a fakin da firi yana murɗawa, ta tashi ba gardama. Ta sa ya jijjiga ta a ribas, ta ƙi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna darajar mota da saurin tashinta, yau ga shi yana washe baki don tasa ta ƙi tashi.

“Saura nawa gwajin,” ya ce. “Ku ƙara matsawa.”

Ya tayar da ita, ya sa D, ya kashe ta a haka. Ya fito ya rufe ƙofa, ya zaga motar yana gyara hula kamar wanda ya fito daga wanka. Ya koma ya zauna, ya danna ƙafar hagu a ƙasa da gangan, ya ɗora ta dama a kan totur, ya dubi Dogo ido cikin ido, ya murɗa.

Ko tari motar ba ta yi ba.

Ihun da aka yi sai da tantabarun maƙwabta suka tashi. Mai Walda ya rungume mai aski, Auta tana buga sifana a jikin akwatinta. Baba yana dariya yana bugun sitiyari yana cewa, “Ta fi ni hankali! Wallahi ta fi ni hankali!” A cikin hayaniyar nan wayar Mama ta yi ƙara: an sallame su, suna jira.

Dogo ya tako zuwa tagar direba. Baba ya daina dariya, makullin yana jikin mota, tsakaninsa da hannun yaron bai kai taƙi ba. Dogo ya duƙa, ya janye bulon da ke gaban taya, ya zaga ya janye sauran. Sannan ya buɗe ƙofar gaba ya zauna ya ja bel.

“Mu je, Baba, kada baƙon ya gaji da jira.”

Haka suka tafi, gaban mota a lotse, hannun rigar direba da baƙin mai. Auta ta ce ita sai ta yi wanka, su same ta a gida. Baba ya yi tuƙin da ko mai koyarwa ba zai samu abin gyarawa ba, kuma da suka isa ya sa ta a fakin da ƙarfin murya, “Fakin!”, har Mama ta ce a bar tallar haka nan.

Mai jego ta fito a hankali, mijinta yana riƙe da jaka, ita tana rungume da ɗan ƙunshi cikin farin tawul. Ta zo har gaban mahaifinta ta miƙa masa. Baba ya goge hannuwansa a jikin riga, ya karɓa. Yaron ba nauyi ko kaɗan, fuskarsa duk ba ta kai tafin hannu ba, yana barci yana motsa baki. Baba ya buɗe baki zai yi masa tsiyar da ya tanada tun safe, ya ce ga wanda ya sa aka tura shi a layi yau, maganar ta maƙale. Hawaye ne suka zubo masa, bai kuwa ɓoye su ba.

Aka buɗe ƙofofi, aka sa jaka a but, mijin ya hau babur ɗinsa zai bi su a baya. Baba yana nan tsaye inda yake.

“Malam, kawo shi mana ka ja mu,” in ji Mama, ta miƙo hannu.

Ya dubi hannun nata, ya dubi kujerar direba da ya wuni yana yaƙi a kanta, ya dubi yaron. Ya ƙara matse shi a ƙirji.

“Dogo. Sa hannu a aljihuna na dama.”

Dogo ya sa hannu ya ciro makullin, ya tsaya yana kallon mahaifinsa.

“Aro na ba ka, daga nan zuwa gida. Ba karɓa ka yi ba, ni na bayar.”

“Na sani, Baba.”

Mama ta koma gaba. Baba ya shiga baya kusa da 'yarsa, a hankali, yana kare kan yaron da tafin hannu. Da injin ya tashi bai ko ɗago ba.

“Bi a sannu,” ya ce. “Ban taɓa ɗauko kaya irin wannan ba.”